Daƙaƙƙen Man da Na Wanke

'Yan uwa, yau tsafta ta kashe mota a Dakoro!

Mahaifina, Alhaji Sanda, shi ke da tsohuwar kamyon da ke jigilar gyaɗa. Illa, ɗan kawuna, shi ke tuƙa ta. Bai taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba, amma in ya yi magana sai Baba ya ce, "Illa ya san mota." Ni da na dawo da takardar shaidar birebe, ba a taɓa tambayata ba.

Da hantsi Illa ya tafi aski. Na leƙa injin, na ga baƙin mai ya daƙaƙe kamar kwalta. Na ɗauko littafin motar na Faransanci, na wanke cikin injin da man gazuwal, na zuba sabon mai marar kauri.

Illa ya dawo ya dafe kai, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal. "Mushe taubashi, me ka yi? Wannan dattin shi ya toshe mata ɓarakarta! Tsohuwar mota mai mai kauri take sha!"

Na ce littafi bai faɗi haka ba.

Muka ɗora gyaɗa muka kama hanya. Ba mu kai Birnin Lalle ba, mai ya tsiyaye kaf! Injin ya yi ƙara, ya cije.

Baba bai dube ni ba. Ya ce, "Illa, ɗana, yaya za mu yi?"

Ɗana! A gabana!

An rasa inji ɗaya, garwar mai biyu, da jigilar kasuwa uku.