Ranar da Na Yanke Bel ɗin Kujerar Jikana

Kujerar ta riga masu ita sauka Kano. Haka kamfanin jirgin ya ga dama: ya kwashi kayan mutane a Legas ya zuba a jirgin yamma, ya bar masu kayan zube suna jiran wani jirgin da aka ce ana gyara. Cikin waɗanda aka bari har da 'yata ta fari da jaririnta, jikan da ban taɓa ɗauka ba.

Ni kuwa tun hantsi na baro Kazaure a tsohuwar motata, wadda nake jigilar gero da gyaɗa da ita tsakanin Roni da Babura. Na wanke ta, har turare na fesa mata. Na yini a filin jirgi ina tambayar wata yarinyar kamfanin da ba ta ɗaga kai daga wayarta. Duk tambayar da na yi, sai ta ce, "A yi haƙuri, Alhaji." Ban taɓa zuwa Makka ba. Alhajin na ƙarya ne, haƙurin ma haka.

Da la'asar 'yata ta kira. "Baba, an soke tashinmu. Amma kayan sun taho, na turo maka hoton lambarsu, ka karɓa. Don Allah a lura da kujerar yaron ta mota, kada a ɗora mata komai."

Ba yawo ne ya kawo ta ba. Mahaifiyata, Inna, tana Gwiwa, yanar ido ta fara rufe mata gani. Idan rana ta take tana iya gane fuskar mutum in ya matso kusa, amma da la'asar ta yi sanyi sai kowa ya zama inuwa. An gaya mata yaron ya ɗauko goshin marigayi mahaifina, ta ce ba ta yarda da ji, a kawo mata shi da rana tsaka ta gani. Hutun da aka ba 'yata a wurin aiki gajere ne, tikitin komawa na safiyar Litinin kuma yana hannu. Jirgi ya cinye Juma'a, ya cinye Asabar. Lahadi kaɗai ta rage.

Na kawo kujerar gida na sauke a ƙofa, inda muke zaman majalisa. Wani baƙin kwando ne mai soso a ciki, da bel ta kafaɗu, bel ta ƙugu, wani kuma ta tsakanin ƙafafu, duk su haɗu a wani makulli a kan cibiya. Surukina ne ya saya. Yaro ne mai ladabi, amma irin mutanen nan ne da ba sa shan ruwa sai sun karanta jikin robar.

"Malam, jikan naka laifin me ya yi?" in ji maƙwabcina mai sayar da taki. Wani dattijo Bafulatani da muke zama da shi ya juya kujerar ya ce ko maraƙi mai gardama dabaibayi ɗaya suke masa. Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Na hango kaina ina shiga Gwiwa, garin da aka san ubana, da jikana a ɗaure tamau kamar ragon da za a kai kasuwa, dangi suna kallo.

Na ɗauko reza. Uwar yarana ta tsaya a bakin ɗaki ta ce, "Malam, ba fa kayanka ba ne."

"Ni na haifi mai kayan," na ce.

Na yanke su ɗaya bayan ɗaya, na shimfiɗa bargo mai laushi a ciki, na ja baya ina yaba aikina. A ganina na mai da kurkuku gadon jariri. Bel ɗin kuwa masu ƙwari ne, na ɗauki mafi tsawo na ɗaure but ɗin motata da ya daɗe ba ya rufuwa. Ga wawa, ga tattali.

Suka sauka ranar Lahadi da safe. 'Yata ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta miƙo mini yaron, na ce, "To, ga abokin faɗana ya iso." Goshin kuwa na nan, sak. Muka zo mota, ta ɗaga bargon kujerar, ta ga babu bel ko ɗaya. Ta duba but, ta ga abin da ke riƙe da shi.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni. Jikana ba dabba ba ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na ji daɗi, da na sami abin kamawa. Idonta a ƙasa ta ce, "Ka gafarce ni, Baba, ba zan hau titin nan da shi a haka ba."

"To ki rungume shi mana! Ke a kan babur aka goya ki har kika yi wayo. Me ya same ki?"

"Allah ne ya tsare. Baba, ka san ɓangaren da nake aiki a asibiti. Yaran da ake kawo mana daga titi, duk a rungume suke kafin a taka birki."

Na kawo ƙaddara, na kawo haƙƙin iyaye, har na ce mijinta ya shanye ta. Ta bar ni na gama, ta ce, "Haka ne, Baba," ta zauna a inuwa tana kiran ƙawayenta na Kano neman aron kujera. Wannan ba ta da ita. Waccan ta bayar. Ta ukun tana da ita, amma ta kulle gida ta tafi biki a wata unguwa can ƙarshen gari. Na ce a kai wa mai ɗinkin takalmi ya mayar da bel ɗin, ta ce ɗinkinsa ba zai riƙe ba. Muka bi mai bikin, muka jira ta gama cin shinkafa da ɗaukar hoto. Ina zaune a mota ina zagin kamfanin jirgi, ina zagin Bature da ya ƙera kwandon, ina zagin matan birni da bikinsu. Mutum ɗaya na tsallake a zagin, mai rezar.

Sai bayan la'asar muka bar Kano, yaron a ɗaure a kujerar aro yana barcinsa, ko motsi. Damina ce, bayan Kazaure hanya ta jiƙe, ba a gudu. Muna shiga Gwiwa ana kiran magariba.

Ƙanwata ta ce tun hantsi Inna ta sa aka fito mata da tabarma tsakar gida, tana ja tana bin rana, har ranar ta hau katanga ta bar ta. Aka kunna fitila, aka haɗa da hasken wayoyi a kan fuskar yaron har ya fara kuka. Inna ta ce a kashe, ba ta ganin komai sai ƙyalli. Ta karɓe shi, ta shafa kansa, ta bi goshin da babban yatsa, ta sake bi.

"Nasa ne, Inna," na ce. "Wallahi goshin Baba ne."

"Kai yi mini shiru," ta ce. "Da idonka nake so, da ban ce a kawo shi ba."

Ba wanda ya gaya mata dalilin makararmu. 'Yata ta ce jirgi ne, ni kuma na bar jirgin ya ɗauka. Da asuba muka juya Kano, tun gari bai waye ba. Kafin su sake zuwa, yanar ta gama rufe idon gaba ɗaya.

'Yan majalisar da suka yi dariya, ko ɗaya bai tambayi yadda aka ƙare ba. Sun koma kan farashin taki. Ni ne na je Gwiwa daga baya na zauna a gaban Inna na gaya mata abin da na yi da reza. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.