Ranar da Baffa Tanimu Ya Taka Ruwa

Kafin ka ga Baffa Tanimu sai ka fara jin sa. Ɓaf, ɓaf, ɓaf, tun daga bakin lungu. Ku da kuka zauna da shi a Ƙofar Kibo kun san ba ƙari nake yi ba: baƙin takalmin ruwa na roba, mai wuya har gwiwa, damina da rani, har cikin zafin bazara da kwalta ke narkewa. Ranar Juma'a ya zuba babbar rigar da ya yi wa aiki da hannunsa, don gwanin ɗinki ne, ya kafa hula, sannan ya cusa ƙafar wando cikin takalmin ya kama hanya. A ƙofar masallaci takalman kowa na kwance, nasa na tsaye. Ba a taɓa sace shi ba. Ɓarawon ya kai shi ina? Duk birni an san mai shi.

Ku dariya ya ba ku. Ni kuwa takalmin nan fargaba ya dasa mini, domin Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, kuma na san duk ranar da na tashi neman aure shi zai shige gaba, da takalminsa.

Asalin abin kurkunu ne. Ya taɓa kwantar da shi damina guda cur, tsutsar ta fito masa a idon sawu. Da ya warke, wani likita a Wusasa ya zaunar da shi ya ce, "Malam, ta ruwan sha ake ɗaukar wannan ciwon. Ka riƙa tace ruwa."

"Likita, ta ina ya fito mini?"

"Ta ƙafa."

"To ta nan ya shiga. Kai ka karanta, ni na kwanta."

Ruwan dai ya riƙa tacewa, amma daga asibitin bai zame ko'ina ba sai wajen 'yan gwanjo, ya sayo takalmin ruwa. Tun daga ranar, in ba alwala da wanka ba, su ma da ruwan da ya tace da kansa, ƙafarsa ba ta sake haɗuwa da ruwa ba.

Abin haushin kuma, mutumin nan ba abin da yake so kamar kamun kifi! Ya saɓa fatsarsa, shi da amininsa Malam Iro mai shayi, su nufi rafin Kubanni su wuni, su dawo da ɗan kifin da ko kyanwa sai ta yi tunani kafin ta ci. Wata rana fatsar ta yi nauyi. Baffa ya miƙe yana ihu, "Iro, yau Inna Ladi za ta san wa ta aura!" Ya ja, ya ja, santsi ya kwashe shi, ya kifa da ka cikin taɓo, ƙafafu a kan gaɓa. Malam Iro ya cafki ƙafa ɗaya ya fizga, sai ga takalmi a hannunsa, ba mutum. Baffa ya ɗago kai yana furzar da laka ya ce, "Mayar mini da takalmina tukuna, sannan ka cece ni!"

Da aka fito da shi yana ɗiga tun daga hula har ƙugu, ya dubi kansa ya ce, "Ni dai ƙafata a bushe take." Abin da fatsar ta kamo kuwa tsohon tib ɗin keke ne. Bai yar ba. Ya naɗe shi ya ce, "Alhamdu lillahi, an samu faci."

Maganar faci kuwa, Sale mai facin keke na bakin kasuwa shi zai ba ku labari. Baffa ba ya yarda an gama aiki sai an tsoma takalmin cikin bahon ruwa an danna, kamar yadda ake gwada taya, yana tsaye a kai da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Ran nan Sale ya gaji ya ce, "Baba, wallahi facin ya fi takalmin yawa. Ka sayi sabo mana."

Baffa ya juya takalmin ya duba ya ce, "To ai sabon ke nan ka yi mini, a hankali a hankali."

Ana nan sai Allah ya haɗa ni da Rabi, 'yar Alhaji Mamuda na Ƙofar Jatau, tsohon akawun kotu, mutumin da ko hankicinsa sai an goge. Aka sa ranar da manya za su je neman aure, cikin tsakiyar damina. Na je wurin Inna Ladi, matar Baffa, na roƙe ta ta sa baki ya bar takalmin ruwan a gida ran nan. Ta ce, "Ni? Ɗan nan, da na sakar masa, da shi zai hau gado. Je ka da kanka."

Na same shi a zaure yana ɗinki, na durƙusa na yi ta kewaye-kewaye. Bai ɗago ba ya ce, "Kunyata kake ji?"

Na ce, "A'a Baffa. Tsoro nake ji kar a hana ni."

Ya ci gaba da soka allura. Na tashi na fita, na riga na cire rai.

Ranar tafiya bayan la'asar ina tsaye a tsakar gida, ban ji ɓaf-ɓaf ba, sai kawai na ga mutum. Baffa ne, da wani tsohon takalmin fata sau-ciki, an shafe shi da mai yana ƙyalli, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Ya ce, "Na babanka ne. Shi ya kamata ya je. Tunda ba ya nan, takalminsa ya je." Hawaye ya cika mini ido.

Ni ban bi su ba, saurayi ba ya zuwa. Malam Iro ne ya ba mu sauran labarin, kuma har ya rasu bai daina bayarwa ba. Suna hanya aka tsuge da ruwa, suka fake. Ko da suka isa lungun su Rabi, kududdufin unguwar ya cika ya tumbatsa, ya shafe hanya, ruwa ja wur har ƙwauri. Kowa ya cire takalmi ya naɗe wando ya haye. Suka waiwaya, ga Baffa can a tsaye a bakin ruwa, fuska ta yi fari.

"Tanimu, in goya ka?"

"Ka goya ni zuwa gidan surukai? Allah ya kiyaye!"

"To mu koma a sake rana."

"A ce ɗan marigayi bai da uban da zai zo? Sam!"

Ya sunkuya ya zare takalmin yayansa, ya ɗora a ka, ya runtse ido, ya tsoma ƙafa. Malam Iro ya ce duk addu'ar da Baffa ya sani sai da ya karanta, har da ta shiga kasuwa, yana yi yana zagin kurkunu da kakanninsa.

Suka shiga zaure aka gaisa. Alhaji Mamuda ya dubi ƙafafun baƙi ɗaya bayan ɗaya ya ce, "To ina Malam Tanimun? An ce mini shi zai zo."

"Ga ni, Alhaji."

"Haba! Wanda na sani da takalmin ruwa yake. Ni da na tara 'yan'uwana su ga abin da nake ba su labari?"

Aka kwashe da dariya, ban da Baffa. Malam Iro ya faɗa wa Alhaji yadda aka yi, tun daga takalmin fata har bakin kududdufi. Alhaji ya dubi Baffa ya ce, "Mutumin da ya taka abin da yake tsoro saboda ɗan ɗan'uwansa, ba zai bari a wulakanta 'yata ba. Na ba ku Rabi."

Baffa ya dawo gida ya sa aka dafa ruwa, ya wanke ƙafa da gishiri da toka, ya zura takalminsa, ya nuna ni da yatsa. "In kurkunu ya fito, kai da matarka za ku yi jinya." Bai fito ba. Ɗanmu na fari sunan Baffa ya ci, kuma da aka ce masa yaron ba ya son wanka, cewa ya yi, "Yana da hankali."

Tun da Baffa ya rasu, takalmin yana nan a zaurenmu, a tsaye. Mutumin da bai taɓa ara wa kowa ba, yau duk wanda ruwa ya tare a lungu shi yake zurawa ya haye, ya aiko da shi. In na ji ɓaf-ɓaf daga waje har yanzu sai na gyara zama.

Allah ya jiƙan Baffa Tanimu, ya yafe masa, ya haɗa shi da yayansa. Allah ya kai shi bakin ƙoramun Aljanna, inda ruwa ba ya cutar da kowa, ya zauna ya tsoma ƙafarsa hankali kwance. Amin.