Ranar da Kaka Ta Sauke Fostoci

Duk lokacin da na ji tsamin sitacin rogo da ya kwana, sai bangon gidanmu na Kagoma ya faɗo mini a rai. Gidan yana bakin hanyar Kafanchan, shi ya sa a shekarar wani zaɓe, ina firamare, samarin jam'iyyu biyu suka lulluɓe shi da fosta tun daga ƙofa har kusurwar rumbu, suna liƙawa da sitaci. Ba wanda ya nemi izinin kakata, ita da ke riƙe da gidan tun rasuwar mijinta.

Aka faɗi sakamako, ɓangare ɗaya bai yarda ba. Ka san irin wannan zama: kasuwa na tashi da wuri, a coci sai addu'ar salama. Wanda ya taɓa fosta ya nuna gefensa ke nan, don haka kowa ya zuba wa fostocin ido. Ruwan farko ya jiƙa su, suka riƙa saɓulowa suna toshe lambatu, ruwa na komawa tsakar gida. Awakinmu kuma suka gano daɗin sitacin. Wata safiya muka tarar sun cinye rabin fuskar wanda ya faɗi zaɓe.

Da hantsi samarinsa suka iso a kan babura, wasu da sanduna. Kawuna ya yunƙura zai fita, mahaifiyata ta riƙe masa riga. Kaka ce ta fita, ɗauke da bokitin ruwan ɗumi da soso. Muna jin komai daga bayan ƙofa.

"Mama, wa ya yaga mana oga?" in ji babbansu, ɗan wata ƙawarta ta zumuntar mata.

"Akuya ne," ta ce da irin Hausarmu. "Ga shi can yana tuƙa."

Ba wanda ya yi dariya. Wani ya buga sanda a ƙasa.

"Wa ya liƙa?" ta tambaya.

"Mu ne."

"Kun tambaye ni?"

Ta juya musu baya, ta jiƙa fostar wanda ya ci zaɓe, ta ɓamɓare ta a hankali suna kallo. Sannan ta miƙa wa babban soson.

"Na sauke na wancan. Kai da ka liƙa naka, sauke shi da hannunka."

Ya daɗe yana kallon hannunta, ruwa na ɗiga daga soson. Wasu suka tayar da babura suka tafi suna zagi. Shi kuwa ya jingine sandarsa, ya karɓa. Har lambatun sai da ya kwashe. Duk da haka mun yi kwanaki ba mu saki jiki ba.

Yanzu fostocin na leda ne, ruwa ba ya cin su. Zaɓe ya wuce su ci gaba da reto a sandunan lantarki, su yage, su cika magudanan Kafanchan, kowa na jiran gwamnati. Masu liƙawar kuwa mun san su, 'ya'yan maƙwabtanmu ne. Har yau ban ji wanda ya kira ɗaya daga cikinsu da sunansa ya ce masa ya zo ya kwashe ba.