Turaren da Mubaraka Ta Taho da Shi daga Hue

Zubaida tana cikin wani sito a unguwar Cheetham Hill ta Manchester, tana ninke barguna tana zubawa a kwali, sai wayarta ta yi ƙara. Inaya ce, 'yar ƙawarta Mubaraka. A Birmingham yarinyar ta tashi, Hausarta ba ta zauna ba, amma ran nan da Hausa ta faɗi maganar, a hankali, kamar ta yi ta bitarta kafin ta kira.

"Anti, Mama ta rasu. Da safen nan, a asibiti."

Zubaida ta zauna a kan kwalin, ta yi ta maimaita Inna lillahi. Hawaye bai kai ga zubowa ba Inaya ta ƙara da cewa, "Na kira Hajiya Sa'adiya saboda wanka. Ta ce sai ta yi shawara."

Hajiya Sa'adiya ita ke jan matan da ke wankan gawa duk sa'ad da Bahaushiya ta rasu a Birmingham, kuma ba a taɓa jin ta nemi shawara a kan mamaci ba. Zubaida ta san dalili. Ta ɗauki jakarta ta nufi tashar jirgin ƙasa.

Ita da Mubaraka sun san juna tun suna amare, mazansu na karatu a jami'o'in Oxford Road a Manchester, su kuma suna gida ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Da faɗa suka fara. Mubaraka ta sauko ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce warin daddawar Zubaida yana kashe mata turare. Haka take. Bakinta ba linzami, ba ta iya lallashi ba, ko gaisuwa za ta yi sai ta haɗa da gyara. Amma ranar da Zubaida ta yi ɓari, ita ta wanke ta, ta dama mata kunu, tana yi tana faɗa.

Bayan mijin Mubaraka ya rasu ta koma unguwar Sparkhill a Birmingham, wani flat a saman shagon yadi a Stratford Road, ta riƙe Inaya da sana'ar da kakarta 'yar Barno ta koya mata: turaren wuta da humra. Kajiji, sandal da jawi ba sa yankewa a ɗakinta. Na'urar gano hayaƙin gobara da ke jikin rufi kuwa kullum tana sanye da hular wanka, har ma'aikatan ƙaramar hukuma suka gaji da yi mata magana. Babu amaryar da aka kai ɗaki a Birmingham ko Manchester ba da kwalbarta ba. Mata suna saye suna jin haushinta, domin takan shinshina mayafin mace ta ce, "Wa ya sayar miki da wannan? Na wanke banɗaki ne."

Wani Basomale da take sayen itacen ud a wurinsa ne ya gaya mata cewa mafi kyawun da yake kawo mata daga Vietnam yake fitowa. Tun daga ranar abin ya tsaya mata a rai. Shekarar da matan unguwa suka haɗu za su Umra, ita sai ta bi ayarin wasu tsofaffin Turawa masu yawon ganin kayan tarihi, ta nufi Vietnam. Aka yi ta magana. Ta ce ta sauke farali tuni, kuma ba ta tambayi kowa hanya ba.

Kullum sai ta aiko wa Zubaida saƙon murya, duk na ƙorafi. Babura a Hanoi sun fi ƙudaje yawa. An ɗora su a jirgin ruwa don kawai su kalli duwatsu. A Hoi An fitilu masu launi sun cika gari, amma ba ta yarda da romon kowa ba, shinkafa da kifi da yajinta suka riƙe ta. Babban abokin gabarta shi ne ɗan jagoransu, wani saurayi mai ɗaga 'yar tuta yana kora su kamar awaki. Mai Tuta take kiransa.

A Hue aka kai su kabarin wani tsohon sarki. A bakin ƙofa akwai ƙatuwar tukunyar tagulla cike da toka, mutane sun soke tsinkayen turare suna ci. Mubaraka ta ji ƙamshin da ba ta taɓa jin irinsa ba. Sai ta yi abin da kowace 'yar gidansu za ta yi in ta ga kasko na hayaƙi a banza: ta matsa, ta sunkuya, ta buɗe mayafinta a kan tukunyar ta rufe ido, don hayaƙin ya kama. Mai Tuta ya rugo a fusace, ya ce wannan hayaƙin na matattu ne, ba na turara kaya ba. Ta ce ya gaya mata abin da mamaci zai yi da ƙamshi. Suka kwana biyu ba sa ga maciji.

Wata tsohuwa a ayarin ta ɗauki hoton ta tura mata. Mubaraka ta ga mayafin ya fito da kyau, ta ɗora a WhatsApp da hannunta. Kafin ta sauka a Birmingham, hoton ya zaga ko'ina: ga Mubaraka ta yi ruku'u a gaban gumaka. Ciniki ya tsaya, gayyatar suna ta ɗauke. Da ta je ta yi wa Hajiya Sa'adiya bayani da ƙila ya wuce, amma ta ce ba za ta yi wa wadda ba ta iya bambance ud da maganin sauro bayanin imaninta ba.

Zubaida ta tarar da flat ɗin da mata kaɗan, sun jeru kusa da ƙofa, babu wadda ta cire abayarta. Hajiya Sa'adiya na kan kujera da carbi. Zubaida ta durƙusa ta gaishe ta.

"Hajiya, yaushe za a yi wankan?"

"Mun yi magana. Za mu yi, don yarinyar nan. Amma duk abin da ta kwaso daga can, ba zai kusanci gawa ba. A fitar da shi daga gidan ma."

"Ta bar wasiyya a turara likkafaninta da itacen da ta taho da shi."

"Na gidan gumaka?"

"Na gona ne, Hajiya. A hannun manomi ta saya."

"Kina can?"

"Ke kina can da kika ce ta yi ruku'u?"

Wata ta ja tsaki. Hajiya Sa'adiya ta naɗe carbinta.

"Zubaida, ki iya bakinki. Ni na ga hoto da idona."

"Kin ga mace na turara mayafi. Ranar bikin 'yarki Ramlat a kan kaskon wa kika tsuguna, Hajiya? Ruku'u kika yi?"

"To ki wanke ta da kanki, tunda ke ce malama."

Hajiya ta tashi, sauran suka bi ta. Zubaida ba ta taɓa wankan gawa ba. Ta dubi Inaya, wadda ta tsinci rabin maganar kawai amma ta gane duka.

Washegari da hantsi suka je ɗakin wanka na wani masallaci a unguwar. Wata tsohuwar Bapakistaniya mai aikin sa-kai ta tsaya a kansu tana nuna musu: dama kafin hagu, a hankali da kai, kada a yaye zanen. Zubaida ta tsefe kitson ƙawarta, ta ga furfurar da Mubaraka ke ɓoyewa da lalle, sai ta ji tana jiran a ce mata ta ja gashin da ƙarfi. Ba a ce ba. Nan ta yi kukanta.

An hana kunna wuta a cikin ginin. Don haka Zubaida ta fito da kaskon Mubaraka zuwa bayan masallaci, inda ake ajiye motoci, ana yayyafi. Ta hura gawayi, ta ɗora guntun baƙin itacen. Ita da Inaya suka kama likkafanin suka buɗe a kan hayaƙin, suka sunkuya don iska kada ta kwashe.

Matan sun zo, domin ba a so a ce ba a gan su ba, amma suna tsaye daga nesa a jikin motoci. Iska ta juya. Hayaƙin ya miƙe ya nufe su, mai nauyi, mai sanyi, irin wanda ba ya barin tufa ko an wanke. Hajiya Sa'adiya ta toshe hanci da mayafi, ta matsa baya, mota ta tare ta. Ba ta yi wa Zubaida gaisuwa ba. Maza suka fito, aka yi wa Mubaraka salla, aka tafi da ita.

Ganin Zubaida da Mubaraka na ƙarshe a asibiti ne, ranar wata Lahadi da rana. Hawan jini ya riga ya karkata wa Mubaraka baki, amma bai rage masa komai ba. Ta ce miyar da Zubaida ta kawo gishiri ya yi yawa. Sannan ta gaya mata inda ta ɓoye itacen, a cikin gwangwanin madara a saman kabad.

"In na tafi, da shi za ki turara mini likkafani. Kada ki yi rowa, ki sa da yawa."

"Ki daina wannan maganar. Ba ke kika ce wa Mai Tuta mamaci ba ruwansa da ƙamshi ba?"

"Wa ya ce miki don ni ne, sakarya? Don Sa'adiya ne. So nake ya bi ta har gida."

"Allah Ya shirye ki, Mubaraka."

"Amin. Tashi ki tafi, kada jirgi ya bar ki ki ce ni ce."