Kujerar Malam Mafita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran shugabana a ofishin na'ura na asibitinmu, mutumin da kowa, daga likita har mai shara, yake kira Malam Mafita. Ya rasu bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda, a cikin ginin da ya yi wa hidima rabin rayuwarsa. Mu biyu ne kaɗai a ofishin, shi ya koya mini aiki, kuma ina zaune kusa da kujerarsa aka aiko mini da labarin.

Malam, na jinkirta wannan rubutu ne saboda ka bar mini wani aiki da ya tsaya mini a rai. Sai da na gama shi hannuna ya saku.

Ofishinmu yana ƙarƙashin bene, ba taga, ba hasken rana, sai ƙugin na'urori da sanyin da ke shiga ƙashi. Kai kake kiransa kurkuku mai iska. A nan muke kula da rumbun bayanan asibiti, muna rubuta masa umarni a cikin yarensa. Mafi yawan umarnin zagaye ne, abin da 'yan sana'armu ke kira lup: na'ura ta ɗauki sunan majinyaci, ta duba halinsa, idan kaza ne ta yi kaza, idan ba haka ba ta tsallake shi, ta ɗauki na gaba, ta sake. Ba ta gajiya, ba ta kuma da hankalin tsayawa da kanta. In ba ka gaya mata inda za ta fita ba, haka za ta yi ta juyawa har wuta ta ɗauke.

Daga nan sunanka ya samo asali. Duk sanda na kawo maka aikina ina ɗoki, ba ka karanta layin farko. Sai ka sauke tabarau zuwa kan hanci ka ce, "Ina mafita?" Ka hana ni rubuta cikin zagaye sai na fara rubuta sharaɗin fitarsa. Kakan ce shiga kowa ya iya, har akuya tana shiga gona. Na sha jin haushinka, musamman ranar da ka mayar mini da aikin yini guda saboda zagayen yana da ƙofa ɗaya tak, ka tambaye ni me zai faru in ba a sami kowa a layi ba tun farko. Ka tura mini rabin abincinka, ka ce in ci, wai yunwa ce ke toshe ƙofofi.

Zagayen da ka fi ji da shi shi ne na sashen wankin ƙoda. Kujerun injin wankin kaɗan ne, masu jira sun yi yawa. Kowace asuba zagayen yakan bi masu kujera ɗaya bayan ɗaya, ya tura wa wanda wankinsa ya zo saƙo a waya, ya kuma umarci ma'ajiya ta fitar da matatar jini da robobinta da sunansa. Idan kujera ta saku, sai ya ɗauko na farkon masu jira ya ba shi. Kai ka tsara kalmomin saƙon: "Barka da asuba. Gobe kujerarka tana jiranka. Ka zo da abin rufa, ɗakin da sanyi." Likitoci sun yi maka dariyar maganar abin rufa, ka ce su ba su taɓa zama a kujerar ba. Lokacin kai ma ba ka taɓa ba.

Hanyoyin fita daga zagayen uku ne: a yi wa mutum dashen ƙoda, ko ya koma wani asibiti, ko ya rasu. Biyun farko na'ura ke yanke su da kanta. Ta ukun ka hana ta. Dalili kuwa, a tsohon tsarin da ka tarar, wani magatakarda ya taɓa sa wa wata tsohuwa alamar rasuwa saboda sunansu ɗaya da wata marigayiya. Na'ura ta ba wani kujerarta, tsohuwar ta zo da ƙafarta aka ce mata ta mutu. Tun daga ranar ka ɗaure ƙofar da sharaɗi: ko an rubuta rasuwa, zagayen ba zai saki mutum ba sai ɗan ofishinmu ya yi magana da iyalinsa baki da baki, sun ce a rufe. Kai kake yin wannan kiran. Nakan ji ka ta bayan na'urori kana yi wa mutanen da ba ka taɓa gani ba gaisuwa, kana tambayar yara, wani lokaci har ka tsaya kana sauraron kuka. Sai ka ajiye waya, ka share tabarau, sannan ka danna maɓallin rufewa.

Da ciwon ya kama ka, ba ka tsallake layi ba. Ka jira tare da kowa har zagayenka ya kira ka. Daga nan rayuwarka ta koma tsakanin ƙarƙashin bene da kujerar wanki ta kusa da ƙofa. A ɗaure ka da robobi, jini ya fita ya dawo, ka tashi jiri na ɗibarka, kwana kaɗan ka koma. Ruwan sha ma da awo. Ka taɓa ce mini, da murmushi, wannan zagayen ba kai ka rubuta ba, shi ya sa ba ka san sharaɗinsa ba. Na juya baya don kada ka ga idona. Wani bargo mai ruwan toka kake zuwa da shi, wanda matarka ta ninke maka gefensa.

To, Malam, ka rasu, an rubuta rasuwarka, zagayen kuwa bai sake ka ba. Yana jiran kira, mai kiran kuma babu shi. Ni kaɗai na rage mai ikon rufewa. Na je gidanka na yi gaisuwa, na tarar da matarka a ƙuryar ɗaki, wayarka a cinyarta. Da na kawo maganar, sai ta riƙe hannuna.

"Ƙanwata, don Allah ki bar shi," ta ce. "Duk wanda ya shigo sai ya ce marigayi. Wannan saƙon kaɗai ke kiransa kamar yana nan. Da asuba in ya shigo nakan samu in yi numfashi."

Na ce, "To, Yaya."

Na dawo kurkukunmu na rasa inda zan sa kaina. Duk sanda wankinka ya zagayo ma'ajiya tana fitar da kaya da sunanka, a ajiye, a mayar. Babbar nas ta sauko har ƙarƙashin bene, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce na farkon masu jira wani direban mota ne mai yara ƙanana, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Sai ya galabaita ake shigo da shi ta sashen gaggawa, a yi masa wanki ɗaya a sallame shi, don ma'ajiya ba ta ware wa kowa kaya na dindindin sai da sunan da zagayen ya fitar. Gaba kura, baya sayaki. Ina iya danna cewa iyali sun yarda, ba wanda zai sani. Ina iya buɗe umarnin in goge sharaɗin gaba ɗaya, aikin da bai kai shan shayi ba. Na buɗe shi kuwa, na zauna ina kallon layin da ka rubuta, hannuna ya ƙi. Wallahi Malam, na yi fushi da kai ranar. Ka tanadi mafita ga kowa, ka bar ni da matarka a ciki.

Na koma gidanka. Wannan karon ban yi kwana-kwana ba, na gaya mata labarin direban, da ƙafafunsa, da cewa kujerarka ce yake jira. Ta shafa bayan wayar.

"Saƙon da za a tura masa, irin wannan ne?"

"Shi ne, Yaya, kalma da kalma. Malam ne ya rubuta."

Ta tashi ta buɗe akwati, ta ɗauko bargon nan mai ruwan toka ta ɗora mini a hannu. "Ki rufe," ta ce. "Ki kai masa wannan. Baban yara ya ce ɗakin da sanyi da gaske."

Na rufe. Da asubar da ta biyo baya zagayen ya zo kan sunanka, ya tarar da sharaɗin ya cika, ya sake ka, ya ɗauko na gaba. Wayarka ba ta yi ƙara ba. Tawa ce ta yi, matarka ce. Ta ce, "Saƙon bai zo ba." Na ce, "Ya je wurin direban, Yaya." Na riƙe wayar ina sauraron kukanta kamar yadda na sha jin kana yi. Jiya na leƙa sashen, na ga mutumin a kujerar kusa da ƙofa, ya ja bargon har wuya, yana barci.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka, Ka yi masa rahama, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, shi da ya yi shekaru a ɗakin da ba taga don wasu su sami sauƙi. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, da 'ya'yansa, da 'yan uwansa, da majinyatan da ba su san shi ne ke gaishe su da asuba ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya ba direban nan lafiya, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.