Mama Juliana, Wadda Ba Ta Karɓar "Ba Gajiya"

Da hantsi za ka ga Mama Juliana a lungunan Nasarawa, jaka a kafaɗa, cikinta na'urar awon jini da ta saya bayan ta yi ritaya daga aikin jinya. Gida-gida take bi har unguwar Trikania, kuma tsofaffin mata take nema.

Kowa ya san gaisuwarmu: "Ina gajiya?" "Ba gajiya." To, Juliana ba ta karɓar wannan amsa daga bakin tsohuwa. Sai ta ce, "Miƙo hannu, na'ura ta faɗa mana."

Maƙwabta sun shaida ranar da ta shiga gidan Baba Timothy, tsohon ma'aikacin masaƙa. Matarsa Hajara ta kusa saba'in. Ita ce girki, ita ce wanki, ita ce renon jikoki huɗu, ita ce mai tuna wa maigida lokacin shan maganinsa. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, amma ba wanda ya duba ƙasa.

"Ba gajiya," in ji Hajara.

Juliana ta auna jinin Hajara, ta sake aunawa, ta ga ya hau sosai. "Yaya, ɗauko mayafi. Asibiti za mu yanzu."

Baba Timothy ya ɗago daga kujerarsa. "Madam nas, to wa zai tuƙa tuwon rana?"

Ku ji fa! Mace na dab da faɗuwa, shi tuwo yake tambaya. Juliana ta zare muciya daga tukunya ta danƙa masa. "Baba, shekara talatin kana juya injin masaƙa. Tukunya ɗaya ba za ta gagare ka ba."

Likita ya ce da an ƙara mako guda, da ɓarin jikinta ya shanye. Kwana biyar aka riƙe ta. Baba ya ci tuwonsa mai gudaji, kuma bai mutu ba.

Mu maza, tari kaɗan sai gida ya rikice. Su kuwa iyayenmu mata, mun mai da ciwonsu gaisuwa. Abin kunya ne.

Mama Juliana, ke ce mai duba ƙafar da kowa ya tsallake. Mun gode, Allah ya ƙara miki lafiya.

Kai kuma mai karatu, in tsohuwar gidanku ta ce maka "ba gajiya", kada ka wuce. Sunkuya ka dubi ƙafarta.