Ranar da Aka Duba Bakin Kalilu

Duk wanda ya ci kasuwar Mai'adua kafin shekarar fari ya san Kalilu dillali. Shi ba ya tambayar shekarun saniya. Hancinta zai damƙa, ya ɓare mata leɓe, ya leƙa haƙora, magana ta ƙare. In ya ga sun side, sai ya goge hannu a riga, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Wannan bakinta ya ƙare, sai mahauta!"

Mutumin nan bai san kara ba, wallahi. Wata Lahadi haka ya yi wa wani saurayi, Sada ɗan garin Sandamu, da ya kawo saniyar uwarsa yana rantsuwa haihuwarta biyu kacal. 'Yan kasuwa suka kwashe da dariya, Sada ya ja abarsa ya fita kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai fari ya zo, na saba'in da uku. Shanun da ake korowa ta Kongolam, can bakin iyaka, daga ƙashi sai fata, babu mai taya su. 'Yan shanun Kalilu ma suka bi juna suka mutu. Kalilu kuwa ba mai faɗa wa kowa cikinsa ba ne, sai ya koma cije baki. Yana zaune a zaure za ka ga muƙamuƙinsa na motsi, ba goro ba komai. Matarsa Haulatu ta ce ko gyangyaɗi ya ɗauke shi, ƙarar haƙoransa kamar ana niƙa a dutse.

"Maigida, wai me kake ci ne haka?"

"Ba komai."

Ina ba komai! Kansa yake ci. Dasashi ya kumbura, asuwaki ya riƙa fitowa da jini, haƙoran gaba suka side, wanzami ya cire masa na ciki biyu. Mutumin da bai cika arba'in ba, kumatu suka lotsa.

Da kuɗin mai suka ɓarke a ƙasa, wani kamfani ya sami aikin hanya kusa da Daura, ana ɗaukar leburori. Lokacin rumbun Kalilu ya yi kaf, Haulatu ta sayar da tasoshinta, yara na kwana da kunu tsururu. Aikin nan kaɗai ya rage tsakaninsu da yunwa. Sharaɗi ɗaya ne, ba a ɗaukar tsoho. To wa ke da takardar haihuwa? Sai dai heluma, shugaban leburori, ya dube ka ya yanke hukunci.

Kalilu ya yi aski, ya tsuke ɗamara, ya shiga layi. Da ya iso gaba ya ɗaga kai ya dubi heluma. Heluman Sada ne, ya yi tumbi, da agogo a hannu.

"A'a, Malam Kalilu! Shekarunka nawa?"

"Talatin da takwas, ranka ya daɗe."

"Haba dai. Ai kai ka koya mana ba a tambaya. Buɗe."

Kalilu ya tuna yaransa, ya buɗe. Sada bai bar shi haka ba, sai da ya kama masa hanci, ya sa yatsa ya ɓare leɓen, ya juya shi wajen layi don kowa ya gani. Sannan ya goge hannu a riga, a hankali, yana jin daɗinsa.

"Wannan bakinsa ya ƙare," in ji shi. "Sai mahauta!"

Mayunwata 'yan'uwan Kalilu da ke layi suka yi dariya, har da masu tafi, don su ma heluma ya gan su.

Kalilu ya fice daga layin. Ya kama hanyar gida, ya cije baki da dukan ƙarfinsa don kada hawaye su zubo. Bai yi nisa ba ya ji ƙas! Ya tofa a tafin hannu, ga ɓarin haƙori cikin jini. Ya juya shi, ya duba shi yadda ya saba duba na dabba. Sada bai yi ƙarya ba. Da shi aka kawo wa dabba mai irin wannan haƙori, ko tayawa ba zai yi ba.